Ni kaɗai ce baƙar fata a ɗakin labaranmu: in zauna ko in ajiye aikin?

Assalamu alaikum Anti.

Shekaruna 26. A Kano aka haife ni, ina da shekara bakwai muka koma Ingila inda Baba yake aikin harhaɗa magunguna. Tun ina sakandare nake son aikin jarida, kuma Allah ya cika mini buri: na gama jami'a, na yi difloma, na samu aiki a wata jaridar yanki a arewacin Ingila. Yanzu shekarata biyu a wurin. Mun kusa talatin a ɗakin labarai, ni kaɗai ce baƙar fata, ni kaɗai ce mai hijabi.

Ba wanda ya taɓa zagina. Amma ba a tunawa da ni sai azumi ya zo, ko watan Oktoba da ake bikin tarihin baƙar fata, ko in wani abu ya faru a unguwar baƙi. Na nemi a ba ni rahoton kotu, na nemi na majalisar birni, duka aka ba waɗanda suka zo bayana. Da na tambaya, edita ya ce ni ce idonsu a cikin al'umma, ba ya so ya rasa ni a can. Wata rana wani abokin aiki ya ce, wai da wasa, ai irina ake nema yanzu don cike gurbi. Kowa ya yi dariya, ni ma na taya su, sannan na shiga banɗaki na yi kuka.

Mutanenmu ma ba su bar ni ba. Jaridar ta buga wani kanun labari marar daɗi kan wani masallaci, ba ni na rubuta ba, amma a wurin biki wata Hajiya ta ce na sayar da kaina ga Turawa. Baba kuma ya ce in ajiye aikin in koma karatun lauya, shi zai biya. Ya ce ba don irinmu aka gina wannan aikin ba, kuma albashin ko haya ba ya isa. Mama ta yi shiru, amma na san tana bayansa.

In na tafi, ina jin kamar na ci amanar ƙananan yaran da suke ganin sunana a jarida. In na zauna, ina jin ina ƙarewa a hankali. Me zan yi?

'Yarki, daga arewacin Ingila

Wa'alaikumus salam 'yata.

Wurin da ya fi taɓa ni a wasiƙarki shi ne dariyar nan da kika taya su. Wanda ya daɗe shi kaɗai a cikin taro yakan koyi yin dariya a kan abin da ke cinsa don kada a ce ya cika fushi, daga nan kuma ya fara tuhumar kansa: anya ba ni ce na faye ƙorafi ba? To ki cire wannan daga ranki tun yanzu. Abin da kike gani yana nan, an ma ƙirga shi.

A 2016 Cibiyar Reuters ta nazarin aikin jarida da ke Jami'ar Oxford ta fitar da sakamakon binciken da aka yi a kan 'yan jarida 700 na Birtaniya. Kashi 94 cikin 100 farar fata ne. Baƙar fata kashi 0.2 ne, wato mutum biyu cikin dubu, Musulmi kuma kashi 0.4. Ki gwada wannan da ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales, wadda ta nuna baƙar fata kashi 4 ne na jama'a, Musulmi kashi 6.5. An ɗan samu sauƙi tun lokacin, musamman a matakin sababbin ɗauka irinki, amma kujerun sama ba su motsa da sauri ba. A 2020 cibiyar ta duba manyan editocin fitattun kafafen labarai na Birtaniya, ba ta samu ko mutum ɗaya da ba farar fata ba. Akwai kuma maganar aljihu, wadda ba a cika haɗa ta da ta launin fata ba alhali tare suke tafiya. Rahoton gidauniyar Sutton Trust na 2019 ya nuna kashi 44 na masu rubuta sharhi a manyan jaridu makarantun kuɗi suka yi, a ƙasar da kusan kashi 7 kaɗai na yara ke zuwa irin waɗannan makarantu. Hanyar shiga aikin ce take tace mutane: sai ka yi aikin koyo na makonni ba ko sisi, sai ka iya biyan haya a Landan, sai ka biya kuɗin digiri na biyu, sai kuma a ce babanka ya san wani da ya san edita. Ke kin tsallake duk wannan ba tare da an riƙa miki hannu ba. Ki riƙe wannan, za mu buƙace shi in mun zo kan mai wasan cike gurbi.

Abin da nake so ki fara yi shi ne raba abubuwa uku da suka cakuɗe miki. Akwai aikin jarida, wanda kika ce kina so tun kina yarinya, kuma ban ga inda kika ce kin daina sonsa ba. Akwai wannan ofishi guda ɗaya da editansa. Akwai kuma kayan wakiltar baƙar fata da Musulmi da aka ɗora miki daga ɓangarori biyu ba tare da an tambaye ki ba. Gajiyar da kike ji daga na biyu da na uku take fitowa, amma shawarar da ke gabanki ta yanke hukunci ce a kan na farko. Ni a ganina bai kamata ofishi ɗaya ya yanke miki hukuncin sana'a gaba ɗaya ba, tun ba ki gwada komai a kansa ba sai tambaya a tsaye.

Mu ɗauki editan. Ina kyautata zaton shi a ransa yabonki ya yi. Kuma tsoron da yake ji na gaske ne. Bayan gobarar benen Grenfell da ke Landan a watan Yunin 2017, wadda ta kashe mutum 72, an gano mazauna ginin sun yi ta gargaɗi a rubuce watanni kafin wutar, amma manyan kafafen labarai ba su ji su ba. Jon Snow, tsohon mai gabatar da labarai na gidan talabijin na Channel 4, ya tsaya a gaban 'yan'uwansa masu sana'ar a Edinburgh a shekarar ya ce sun yi nisa da talakawan da suke ikirarin ba da labarinsu. Tun daga nan duk editan da ya san abin da yake yi yana son ya samu wanda ake ɗaukar wayarsa a unguwannin da jaridar ba ta da kowa. Ke ce wannan mutumin a wurinsa. Sai dai kyakkyawar niyyarsa ba ta rage miki asara. A jaridun yanki, kotu da majalisar birni su ne matakalar hawa. A nan ake koyon dokar ɓata suna da ta raina kotu, a nan ake sanin jami'ai, daga nan ake ɗaukar masu tafiya manyan jaridu da masu zama editocin labarai. In kika yi shekara biyar kina rubuta labarin buɗa-baki da bikin al'ada, ranar da kika nemi ƙarin girma za a duba takardunki a ce ba ki da gogewa a labarai masu nauyi, kuma zai zama gaskiya, ko da yake su ne suka hana ki. Haka ake riƙe mutum a wuri ɗaya ba tare da kowa ya yi masa mugun nufi ba. Don haka damuwarki ba rashin godiya ba ce.

Amma kada ki yi fushi ki yar da labaran al'umma, domin su ne jarinki a cinikin da za ki yi da shi. Ki tuna da Awaab Ishak, yaron nan na Rochdale, ba nisa da ke. Iyayensa daga Sudan suka zo. Ya rasu a Disambar 2020, kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara biyu, saboda fumfunar da ta mamaye gidan hayar da suke ciki, bayan mahaifinsa ya sha kai kuka ga hukumar gidajen. A Nuwambar 2022 kotun binciken musabbabin mutuwa ta tabbatar da cewa fumfunar ce ta kashe shi. Jaridar yanki ce, Manchester Evening News, ta riƙe labarin ta ƙi saki, har aka sa dokar da ke ɗauke da sunan yaron a cikin dokar gidajen haya na jama'a ta 2023. To wannan labarin na wane fage ne? Na unguwar baƙi ne, na kotu ne, na majalisar birni ne, ya kuma ƙare a majalisar dokoki ta ƙasa. Mutanen da edita yake cewa ke ce idonsa a cikinsu suna da shari'o'i a kotun majistare, suna da yaran da ake kora daga makaranta, suna da gidajen da ke yoyo, suna da matan da ba a saurare su ba a ɗakin haihuwa. Edita yana kallon unguwar a matsayin wurin biki da abinci. Aikinki shi ne ki nuna masa wurin labari ne, kuma ba za ki iya kawo masa shi ba sai ya bar ki kin shiga kotu da zauren majalisa.

Ga yadda zan so ki tunkare shi. Ki nemi zama na musamman, a sa rana da lokaci, ba a bakin ƙofa ba yana sauri. Kafin ranar ki shirya labarai biyu ko uku da kika riga kika fara tono su: wani daga takardun zaman majalisar birni, waɗanda a buɗe suke ga kowa, wani daga tambayar da kika aika ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2000, wadda ta wajabta wa hukuma ta amsa cikin kwanakin aiki 20. Kada ki buɗe da maganar wariya. Ki buɗe da tambaya mai amsa: waɗanda aka ba kotu da majalisa, me suke da shi da ba ni da shi? In ya ce saurin rubutun Teeline ne, wato gajeren rubutun da 'yan jarida ke ɗaukar magana da shi, kin san ma'aunin NCTJ, hukumar horar da 'yan jarida, kalma 100 ne a minti ɗaya, in kin kai ki nuna takarda, in ba ki kai ba ki ce a ba ki wata nawa. In ya ce jarrabawar manyan 'yan jarida ce, ki ce a sa ki a layi. Sannan ki nemi abu ƙarami wanda zai yi wuya a ƙi: yini ɗaya a mako a kotun majistare, na wata uku, a gwada, kuma za ki ci gaba da riƙe labaran al'umma. Da kun tashi ki aika masa imel na godiya wanda ya jera abin da kuka amince a kai. Editoci mutane ne masu mantuwa in abu bai shiga rubutu ba, ba don mugunta ba, don wayarsu ba ta daina ƙara.

Amsar da zai ba ki ita ce za ta gaya miki irin gidan da kike ciki. In ya ba ki sharuɗɗa bayyanannu, akwai hanya. In ya sake yabonki ya sallame ki hannu rabbana, to kin samu amsa, kuma amsar a kan ofishin ce.

Shi kuwa mai wasa, ba na so ki bar maganar ta wuce, ba na kuma so ki mai da ita yaƙi. Ki same shi shi kaɗai, ki ce masa maganar nan da ya yi ran nan ba ta yi miki daɗi ba, jarrabawar da ya ci ita kika ci, kada ya sake. Jimla biyu sun isa, kada ki tsaya muhawara. Da yawa daga irinsu kunya ce ke kama su, su ba da haƙuri. Kuma ki sani, don ranki ya kwanta, dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ba ta yarda a ɗauki mutum aiki saboda launin fatarsa kawai ba. Abin da ta yarda da shi shi ne a ƙarfafa wa waɗanda ba su da yawa a sana'a gwiwa su nema, a ba su horo, kuma in mutum biyu sun yi kunnen doki a cancanta a iya zaɓar wanda irinsa suka yi ƙaranci. Wato ko a inda aka yi amfani da wannan dama, sai mutum ya cancanta tukuna. Maganarsa ko a ma'aunin dokar ƙasarsu ba ta da ƙafa.

Daga yau kuma ki sami ɗan littafi, a gida ba a kwamfutar ofis ba, ki riƙa rubuta rana, abin da aka ce, da wanda yake wurin. Ki shiga ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ in ba ki shiga ba. Suna da majalisa ta musamman ta mambobi baƙar fata, kuma wakilin ƙungiya yana da damar raka ki in har ta kai ga zaman ƙorafi a hukumance. Dokar 2010 ta hana nuna bambanci da cin fuska a wurin aiki saboda launin fata ko addini, hukumar ACAS mai sasanta rikicin ma'aikata da masu ɗaukar aiki tana ba da shawara kyauta, kuma wa'adin kai ƙara kotun ma'aikata na 'yan watanni ne, ba ya jiran mutum ya gama tunani. Ba cewa nake ki kai ƙara ba. Sana'ar ƙarama ce, kowa ya san kowa, shari'a kuma tana cin rai da lokaci. Amma wadda ta san haƙƙinta ba ta zama a gaban edita irin zaman wadda ba ta sani ba.

Hajiyar biki ta ba ni haushi, amma na gane ta. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ba ta da hanyar kaiwa ga wanda ya rubuta kanun labarin, ke ce a gabanta da farantin shinkafa. Yawancin mutanenmu ba su san cewa mai rubuta labari daban yake da mai sa masa kanu ba. Kuma ciwon da take ji yana da tarihi. Ta yiwu ta tuna 2016, lokacin da wani marubuci a jaridar The Sun ya soki Channel 4 don ta bar Fatima Manji ta karanta labarin harin birnin Nice na Faransa sanye da hijabi, aka kai ƙorafi hukumar IPSO mai sa ido kan jaridu, ta yi watsi da shi. Wanda ya ga irin wannan ba zai yi saurin yarda da jarida ba. In an sake tare ki, ki gaida ta da ladabi, ki ce ba ke kika rubuta ba, ki kuma nuna mata ƙofar da ake bugawa: kwamitin masallacin ya rubuta wa edita a hukumance, in akwai kuskure a labarin su kai IPSO ƙarƙashin sashen sahihanci, su kuma nemi taimakon cibiyar sa ido kan kafafen labarai da Majalisar Musulmin Birtaniya ta kafa. Wasiƙa ɗaya daga shugabannin masallaci ta fi ƙorafinki goma tasiri a ofis, kuma ba ke za ta ci ba.

A cikin ofis ma kada ki zama mai gadin kowane labari da ya shafi Musulmi ko baƙar fata. In kin ga kuskure kafin a buga, ki faɗa sau ɗaya, a rubuce, da hujja, ki koma kan aikinki. Ba a biyanki kuɗin wannan gadin, kuma ranar da wani abu ya kuɓuce ke za a tambaya ta ɓangarorin biyu. Sannan ki shirya wa wata rana mai zuwa, wadda ta fi ta bikin nan zafi: ranar da labari marar daɗi a kan wani namu zai zama gaskiya, kuma ke ce a kotu. Za ki rubuta shi daidai yadda ya faru. Wasu za su daina gaishe ki. In kina ganin ba za ki iya ɗaukar wannan ba, to wannan dalili ne na gaske na sake tunani a kan sana'ar, ya fi duk waɗanda kika lissafa ƙarfi.

Yanzu Baba. Kada ki ɗauke shi abokin hamayya. Mutumin da ya bar garinsu da danginsa ya je ya jure sanyi da kallon raini, burinsa bai wuce ya ga 'yarsa a aikin da takarda ke magana ba, wanda ba sai wani ya ga dama da ita ba. Kuma a kan tarihi bai yi ƙarya ba. A 1968 gidan talabijin na Thames ya ɗauki Barbara Blake Hannah, 'yar Jamaika, a matsayin wakiliya mai bayyana a allo. Bayan wata tara aka sallame ta saboda masu kallo suna ta bugo waya suna cewa ba sa son ganin baƙar fata. Fiye da shekara hamsin bayan haka, a Maris 2021, babban daraktan ƙungiyar editocin Birtaniya, Ian Murray, ya fitar da sanarwa cewa babu wariyar launin fata a jaridun ƙasar. Sai da 'yan jarida baƙar fata da 'yan asalin Asiya suka yi ca, Charlene White, baƙar fata mai karanta labarai a talabijin, ta janye daga gabatar da bikin kyaututtukan ƙungiyar, sannan ya sauka. Baba yana ganin rabin farko na waɗannan labarai. Ke ki nuna masa rabi na biyu: a 1968 ita aka kora, a 2021 shi ya tafi. A kan albashi kuwa ki ba shi gaskiyarsa gaba ɗaya. Jaridun yanki suna biyan kaɗan, suna kuma ta rage ma'aikata tun da kuɗin talla ya koma intanet.

Ki fara da Mama. Shirunta ba lallai goyon baya ba ne, wata ƙila kukanki take gani ta rasa abin cewa. Ki gaya mata komai, ki roƙe ta ta nema miki lokaci wurin Baba, ranar da ya huta. In kun zauna, ki fara da godiya a kan tayin da ya yi, don ba kowane uba ne zai ce zai sake biyan kuɗin karatu ba. Sannan ki roƙi shekara ɗaya, da alƙawari mai ma'auni: nan da wata goma sha biyu, ko dai kin samu fagen kotu ko na majalisa, ko kin koma wani wuri mai albashi mafi kyau, in ba haka ba za ki zauna da shi a yi maganar lauya da zuciya ɗaya. Iyayenmu sun fi sakin jiki da magana mai wa'adi. Ki kuma nuna masa cewa shekarar ba asara ba ce ko ta wane gefe aka duba: wadda ta yi wata goma sha biyu tana zama a kotu tana rubuta shari'a, ta san lauyoyi ta san alƙalai, ta fi ɗalibin da bai taɓa shiga kotu ba shiri in ta zo karatun lauya. Ki faɗa masa a hankali cewa manyan ofisoshin lauyoyi na Landan ma suna da nasu irin wannan ciwon, don kada ku ɗauka can aljanna ce. Tunda kuma Bakano ne, ba zai rasa sanin marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf ba, wadda ta yi editar Sunday Triumph a Kano kafin ta riƙe New Nigerian a Kaduna, a zamanin da mace a kujerar edita abin mamaki ce. Ki tambaye shi ita, ki bar shi ya ba ki labari. Wani lokacin uba yakan sauko in aka bar shi ya zama mai koyarwa.

Cikin shekarar nan kada ki zauna jiran edita kaɗai. Tun 2017 BBC take biyan albashin wasu wakilai da aka rarraba a jaridun yanki, aikinsu kawai bin zaman majalisun ƙananan hukumomi, wato daidai abin da kike nema a ba ki. Ki sa ido kan gurabensu. Ki duba kamfanonin dillancin labarai irin su PA da Reuters, da mujallun da suka ƙware a fanni ɗaya kamar gidaje ko lafiya ko ilimi. Mutane suna raina su don ba a ganinsu a teburin mai sayar da jarida, amma mujallar Inside Housing ta bi diddigin Grenfell fiye da manyan jaridu da yawa, kuma irin waɗannan wurare sukan mai da mutum gwani a fagen da ba mai iya ƙwace masa. Ƙungiyar Creative Access tana tallata gurabe tana kuma haɗa matasa da masu yi musu jagora. Gidauniyar Aziz tana ba Musulmin Birtaniya tallafin digiri na biyu, in kin ga ƙarin karatu a fannin bincike ko sarrafa alƙaluma zai buɗe miki ƙofa. Abin da na fi so ki samu a cikin duk waɗannan shi ne mutum ɗaya da ya girme ki a sana'ar, wanda ya taɓa zama shi kaɗai a ɗakin labarai, wanda za ki kira ranar da aka yi irin wasan nan kafin ki kai banɗaki.

Hausarki ma dukiya ce. Tun 1957 BBC take watsa shiri da ita, ga DW a Jamus, ga RFI, kuma 'yan jaridar da ke iya aiki da Hausa da Ingilishi a kan labaran Najeriya da Nijar ba su da yawa. Sai dai ki shiga da ido biyu. Yawancin aikin sashen Hausa na BBC yanzu a Abuja ake yinsa, Hausar hira a gida kuma daban take da ta rubuta labari, sai kin goge ta. Kafafen da baƙar fata suka kafa da kansu ma suna nan, kamar The Voice da ke fitowa tun 1982, amma kuɗi yana yi musu wuya. Mujallar gal-dem ta yi suna sosai, duk da haka ta rufe a 2023. Ki yi musu rubutu a gefe in kwantiraginki ya yarda, amma kada ki ajiye albashi don su.

Saura yaran da kika ce za ki ci amanarsu. 'Yata, ba ki ɗauki alƙawari da su ba. Ƙarancin baƙar fata a ɗakunan labarai masu ɗaukar aiki ne suka haifar da shi, su ne kuma za su gyara, ba budurwa mai shekara 26 da albashinta ba ya biyan haya ba. In bayan shekara kin ga lauya kike so, ki tafi da kanki a sama, ba wanda kika yaudara. Abin da ba na so shi ne ki tafi a guje saboda wasan wani da kasalar wani, bayan shekaru ki riƙa ganin labari a jarida kina cewa da ni ce da na rubuta shi fiye da haka. Ki yi istihara, amma ki yi ta bayan kin ji amsar edita, don ki san ainihin abin da kike neman zaɓi a kansa.

Kalmar nan da kika yi amfani da ita, cewa kina ƙarewa a hankali, ban wuce ta ba. In barci ya fara gagararki, ko abinci ya fita ranki, ko kukan ya zama na kullum, ki je wurin likitanku ki faɗa masa yadda kika faɗa mini, kuma a wannan halin wa'adin shekara ɗaya ya tashi, lafiyarki ce gaba. In ba ta kai haka ba, to a wannan makon ki aika imel ɗin neman zama da edita, ki sayi littafin rubutun, ki yi magana da Mama. In kun zauna da shi ki rubuto mini abin da ya ce, kalma da kalma in kin iya, mu duba tare. Allah ya yi miki jagora, ya sa albarka a alƙalaminki. Ki gaida Mama da Baba.

Antinki